Ba Wanda Ya Ƙara Ce Mini Bawa

Da kakar nan da muke ciki, shekara goma sha bakwai ke nan da muka kai yayana Zubairu makwancinsa a Gumel. Tun daga ranar ban taɓa zama na yi maganarsa a gaban mutane ba, kuma ba wanda ya taɓa tambayata. Ni manomi ne, in rani ya yi in ɗan taɓa dillancin awaki a kasuwar Maigatari. Karatuna na allo ne, shi ma bai yi nisa ba. Boko kuwa da furfurata na tsince shi a wajen wani malamin awon gyaɗa. Saboda haka mai neman daɗin baki ya juya shafi. Abin da na gani zan faɗa.

Haihuwa ce ta tayar da maganar. Lawan ɗan Yaya, wanda na riƙa tun rasuwar ubansa, matarsa ta sauka, an sami namiji. Ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Baffa, kai ne ubana yanzu, kai za ka raɗa wa liman suna. Sunan mahaifina nake so a sa." Na ce na ji, ya ba ni lokaci kafin ranar suna. Ya tashi yana mamaki, don a ganinsa babu abin shawara a nan. Ɗa ya ce zai mayar da sunan ubansa, wa zai hana shi? Amma ni na san abin da sunan nan yake ja a bayansa. Shi bai sani ba. Abin da ya sani, ubansa yana da doki da babbar riga, kuma in ya doso wuri mutane kan yi tsit. Yana zaton girmamawa ce.

Bari in fara daga farko, don yaran yanzu sun taso sun tarar da iyaka kamar tare da ƙasar aka halicce ta. Mu a gabanmu aka yi ta. Turawa iri biyu suka zo suka kakkafa alamu a daji arewa da Maigatari, suka ce nan ƙasar Ingilishi ce, can ta Faransi. Ba su tambayi kowa ba. Gidanmu ya faɗo nan. Gidan kawunmu, wan mahaifiyarmu, ya faɗa can wajen Damagaram, alhali in ka fita da safe kafin rana ta yi zafi ka isa, kuma rijiya ɗaya awakinmu da nasu suke sha.

A lokacin Yaya fatauci yake yi da jakai, ya kai hatsi arewa ya dawo da kanwa. Ya iya Barbarci, ya iya Fillanci, yana ɗan jin bakin Buzaye. Sannan ba ya mantuwa. In ya ga mutum sau ɗaya a kasuwa, ko bayan shekaru suka sake haɗuwa zai gaya maka kalar jakin da yake ja a ranar. Baturen da ke lura da iyaka kuwa yana neman wanda zai riƙa gaya masa abin da ke ƙetarewa: bindigogi, shanun sata, yaran da ake sacewa a kai su sayarwa, da duk malamin da wa'azinsa ya fara tara matasa. Wani ya nuna masa Yaya. Da farko ɗan rahoto ne kamar sauran. Ba a daɗe ba ya zama shi ne kansu gaba ɗaya, daga Maigatari har Gagarawa, daga Sule Tankarkar har inda ƙasarmu ta ƙare ta gabas. Ba a naɗa masa rawani ba, ba shi da ofis, ba ya sa kaki. A gabansa Malam Zubairu ake ce masa. A bayansa kuwa, Kunnen Bature.

Yadda yake aikin ne abin tsoro. Bai taɓa yi wa kowa tambaya ba. Mutanensa su ne wanzamai, da mata masu kitso, da mahauta, da dillalan shanu, da masu jan ruwa a rijiyoyin hanya. Wanzami yana shiga kowane gida ranar suna, in ya ga baƙuwar fuska ya duba tsagarta ya san garin da ta fito. Mai kitso tana da kan mace a cinyarta rabin yini, ba abin da ba za ta ji ba. Kuma babu ɗayansu da ya san ɗan'uwansa, kowa na zaton shi kaɗai ne. Shi kuwa Yaya, babu suna, babu ɗaurin aure, babu jana'izar da za ta wuce shi. Zai zauna a bakin tabarma, ya fasa goro ya rarraba, in an yi dariya ya yi, in an tashi ya tashi. Ba ka ganin ya yi komai. Sai bayan kwana biyu ka ji an kama wane.

Ba zan zalunce shi ba don ya mutu. Ya yi abin kirki da kunnen nan. Shekarar babbar yunwa, lokacin da mutane ke tonon gidan tururuwa, shi ya san rumbunan da aka binne a ƙasa ana jiran hatsi ya ƙara tsada, kuma da bakinsa aka tono su, mutane suka ci. Akwai wata tsohuwa a Gagarawa da har ta mutu tana sa masa albarka, don ya dawo mata da jikarta daga hannun masu satar yara, har sun kai ta bakin iyaka. Fulani sun sha samun shanunsu ta hannunsa. In kuma wani ya kawo ƙarya don ya ga bayan maƙwabcinsa, tun daga yadda ya zauna Yaya zai gane, ya ba shi goro ya sallame shi, maganar ta mutu a nan. Ni kaina na sha inuwarsa. Ba wanda ya taɓa matsa mini a kan iyakar gona, ba ɗan sarkin da ya taɓa kama mini akuya. A lokacin daɗin abin nake ji.

Yanzu sai maganar Isuhu.

Isuhu ɗan kawunmu ne, wato taubashinmu. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san abin da ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji. Kowa na cewa ɗan'uwansa bawansa ne. Zai zage ka a tsakiyar kasuwa, ya fizge maka hula, ya sa hannu a akushinka, ba ka da ikon yin fushi. Kuma akwai abin da ba a faɗa amma kowa ya sani: abin da taubashi ya gaya maka cikin wasa, a wurin yake kwana. Ba a kai shi gaban alƙali, ba a kai shi gaban sarki. Shi ya sa mutum kan gaya wa taubashinsa abin da ba zai gaya wa wanda suke ciki ɗaya ba. Isuhu dogo ne, baƙi, mai ƙaton murya, sa'an Yaya. A duk faɗin ƙasar nan shi kaɗai ne ke duban idon Yaya ya ce masa Kunnen Bature, Yaya kuma ya yi dariya.

Da Turawa suka shiga yaƙinsu na farko a can ƙasashensu, sai na Faransi suka fara kama samari suna sa musu kayan soja. Ga lanho, wato harajinsu, ga aikin tilas, ga kuma wannan. Wanda aka tafi da shi ba a cika ganin ya dawo ba. Ana nan sai muka ji an je ƙauyen kawu kamun samari, an tarar babu ko ɗaya, kuma babu Isuhu. Kowa ya san sun ƙetaro, amma ba wanda ya san inda suke. A wannan yaƙin kuwa Turawan biyu abokai ne, saboda haka na can ya aiko wa na nan cewa a nemo masa mutanensa.

Cikin haka aka haifi Lawan, ɗan Yaya na fari bayan an daɗe ana jira. Ranar suna aka cika ƙofar gida, aka yi addu'a, aka yanka rago aka rataye. Hantsi ya yi, jama'a sun watse, saura ni da Yaya a zaure. Sai ga wani dogo ya sunkuyo ya shigo da malfa irin ta makiyaya da sanda a kafaɗa. Tun kafin ya cire malfar muryarsa ta tona shi.

"Ina bawan gidan nan? An ce bawana ya haihu, na zo in ga ƙaruwar dukiyata."

Yaya ya miƙe ya rungume shi, ya ce, "Wa ya bar ƙofa a buɗe? Garba, nemo masa ƙashi ya ƙara gaba."

"Ƙashi? Cinya za ka ba ni. Tsaya ma tukuna, abin can da kuka rataye rago ne ko kyanwa? Kunnen Bature guda, ragon sunan ɗansa kamar an shanya tsumma." Ya juyo kaina. "Kai kuma ƙaramin bawa, har yau ba a koya maka gaida iyayengijinka ba?"

Muka yi ta dariya. Na daɗe ban ga Yaya ya saki jiki haka ba. Can sai ya ce, "Ni dai labari ya zo mini gardi ya bi ka da bulala, har ka bar wandonka a ƙaya."

Gardi shi ne ɗan dokar Faransi. Isuhu ya buga sandarsa a ƙasa. "Ni? Gardin da na ɗaure a jikin aduwa da ɗamararsa, yana kiran kwamandansa kamar ɗan akuya ya ɓata? Samarina suna nan ƙasarku lafiya lau, suna shan nono a rugar da ke bayan Sule Tankarkar, wajen tsohuwar rijiyar gindin kuka. Ka baza kunnuwa ko'ina, ga su a bayan gidanka ba ka ji ba. Je ka gaya wa Baturenka, bawa. Ka ce ubangidanka ne ya aiko ka."

Yaya ya yi dariya har da hawaye. Ya tashi da kansa ya yanko cinyar ragon ya ba shi. Isuhu ya shiga ciki ya gaida Inna, mahaifiyarmu, ya ɗauki jaririn ya ce hancinsa irin na bayi ne, ya tofa masa addu'a, ya tafi.

Kasuwa ba ta zagayo ba sai mahaya suka je rugar.

Ina kan hanyar Maigatari da awaki, rana tsaka, na gamu da su. An jera su da igiya ɗaya, ana tafiya da su wajen alamar iyaka inda gardawan Faransi ke jira. Yara ne, waɗansu gemu bai fito musu ba. Isuhu ne a gaba, babu malfa, babu sanda. Na tsaya kamar an dasa ni. Ina jira ya zage ni. Wallahi da ya zage ni, da ya tofa mini yawu, da na fi samun sauƙi. Sai ya dube ni ya ɗan sunkuyar da kai, ya ce, "Sannu da rana, Malam Garba."

Tun da aka haife ni bai taɓa kiran sunana ba, balle ya haɗa da Malam.

Na bar awakin wajen wani na koma Gumel. Na tarar da Yaya a bayan gidansa yana ba doki harawa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba. Na ce, "Yaya, a wasa fa ya faɗa."

Ya ce, "Na sani."

"A zaurenka. Ranar sunan ɗanka."

Ya ajiye harawar. Ya ce, "Wanzamin da ya yi wa yaron aski yana bayan zana yana wanke askarsa, ya ji duk abin da ka ji. In ban kai ba shi zai kai, don ni na koya masa kaiwa. Daga nan a ce na ɓoye. A kama mai rugar, a kwashe shanunsa, a tuɓe ni, a sa wani wanda bai san kowa ba, ba ya jin kunyar kowa."

Na ce, "To ka aika musu su gudu mana, kafin ka kai."

Dokin na ta tauna. Sai Yaya ya ce, "Sai da na fito daga wurin Bature wannan dabarar ta zo mini."

Shekaru da yawa ina juya wannan amsa. Da ya ce mini ya yi don tsoro, da na gane, kowa na jin tsoro. Da ya ce don kwaɗayi ne, da na tsane shi na huta. Amma abin da ya gaya mini shi ne, aikin ya riga ya shige shi har ƙafarsa ta kai shi wurin Bature kafin zuciyarsa ta tuna waye Isuhu. Akwai kuma abin da ban tambaye shi ba, har ya mutu ban iya ba. Maganar gardi da bulala da ya yi a zaure, wasa ne, ko kuwa ya san mutuminsa, ya san inda zai taɓa ya yi magana? Na gaya muku bai taɓa yi wa kowa tambaya ba. Ranar ma bai yi ba.

Inna ba ta yi masa baki ba. Isuhu ɗan wanta ne, a bayanta ya yi wayo lokacin da uwarsa ke jinya. Ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki ƙoranta, ta dawo gidana. Yaya kan zo gaisuwa kowace safiya, ta amsa masa daga cikin ɗaki. In ya aiko da abinci sai ta ce a miƙa wa maƙwabta. Haka har ta rasu. Daga gidan kawu ba wanda ya ƙetaro jana'izarta, sai wani ɗan kasuwa suka ba sallahun ta'aziyya.

Waɗansu daga cikin samarin sun dawo bayan yaƙi, ɗaya ba hannu. Su suka ce Isuhu ba a sa shi soja ba, saboda gardin da ya ɗaure. An yi arewa da shi wurin fasa dutse. Ba wanda ya san kabarinsa.

Mutanen kawu ba su yi faɗa da mu ba, ba su kai ƙara ko'ina ba. Abin da suka yi ya fi wannan ciwo. Girmama mu suka fara yi. Isuhu yana da ƙane, Ɗan'azumi, sa'ana ne, tare muka yi kiwo. A da in ya hango ni a kasuwar Maigatari tun daga nesa zai ɗaga murya, "Ku riƙe mini bawan can, ya gudo da hulata!" Dillalai su yi ta dariya. Tun daga shekarar nan, in mun haɗu sai ya cire takalmi ya rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, an wuni lafiya? Ina gajiya?" Ni da nake tsaye da igiyar akuya a hannu. Baƙin da ba su san komai ba sukan ce lallai Garba babban mutum ne. Ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta buɗe in shige. Yau shekara nawa, ba wanda ya ƙara ce mini bawa.

Yaya ya ci gaba da aikinsa wajen shekara goma bayan haka. Har riga aka ba shi ta yabo. Daga baya aka canza Bature, sabon ya zo da malamai masu alƙalami da tafintansa, aka rage kiran Yaya, aka zo aka daina. Ba a kore shi ba, mantawa aka yi da shi. Amma mutanen gari ba su manta ba. Yakan zauna a ƙofar gida da goro cike da aljihu, ba mai zama. Wata rana ina wurin wani Bafillace ya zo wucewa da shanu, Yaya ya tsokane shi yadda ake tsokanar Fulani, yana neman a rama masa. Mutumin ya tsaya cak, ya ce, "Gaskiya ne, ranka ya daɗe," ya kora shanunsa da sauri. Na ga fuskar Yaya. Na kau da kai don kada ya san na gani.

Ciwon ƙirji ne ya kashe shi bayan an gama girbi. Jana'izarsa ta cika ƙwarai, har daga ƙauyuka. Amma ba na yaudarar kaina. Kowa na tsoron a ce bai zo ba, kamar mai gawar zai ɗaga kai ya duba fuskoki. Ana gama rufe shi aka watse, ba wanda ya tsaya ba da labarinsa kamar yadda ake yi wa mamaci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Jirgin ƙasa na tsayawa a Gagarawa Tasha, labarin da jaki kan yi kwanaki da shi yanzu waya ce ke kai shi kafin ka sha ruwa. Aikinsa ma an ce ya zama na ofis, da albashi da manya da ƙanana. Na ga irinsu a kasuwa lokacin da yaƙin nan na biyu ya sa aka tsaurara iyaka, samari masu tsabta, suna tare mutum suna tambayarsa daga ina, zuwa ina, wa ka sani a can. Da Yaya ya gansu dariya zai yi, don ya sha cewa wanda ka tambaya ƙarya zai ba ka. Amma akwai abin da ba na jin zai ba shi dariya. Turawan can da aka miƙa musu Isuhu don abokai ne, a yaƙin nan an wayi gari an ce mana abokan gaba ne, kada a sayar musu ko da ƙwayar gero. Ba a jima ba aka ce a'a, sun koma abokai. Su suna ɓatawa suna shiryawa. Mu da muka ɓata saboda su, har yau ba mu shirya ba.

Na kira Lawan gona, muna ɗaurin gero, na gaya masa duk abin da kuka karanta, ban rage ba. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Ranar sunana?"

Na ce, "Ranar sunanka."

"Cinyar da aka ba shi, ta ragona ce?"

Na ce ita ce. Ya zauna a kan dami. Na ɗauka zai ce a nemi wani sunan, kuma ba zan ɓoye ba, abin da nake so ke nan. Sai ya ce, "Baffa, duk da haka ubana ne. Ba ni da wani." Ya ƙara da cewa a ware goron gayyata na gidan kawu. Na ce ba za su zo ba. Ya ce a ware dai. Shi da kansa ya ƙetara ya kai.

Ranar suna na matsa kusa da liman na raɗa masa. Ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Zubairu. Tsofaffin da ke wurin suka ce Allah ya raya, ba su dubi juna ba, ba su dube ni ba. Kafin a gama shafa fatiha mata a ciki sun riga sun laƙaba masa Abba, tunda Lawan ba zai iya kiran sunan ubansa ba, matarsa ma haka. Wato sunan zai zauna a gidan, amma ba za a riƙa jin sa ba. Na ji sanyi a raina da na tuna haka. Sannan na ji kunyar wannan sanyin, don mutumin nan shi ya yi mini aure, shi ya ba ni gonar da nake ci.

Hantsi ya yi, jama'a sun watse, sai ga Ɗan'azumi. Ya tsufa, ya ranƙwafa, da sanda. Ya cire takalmi a bakin zaure ya rusuna. "Ranka ya daɗe, an sami ƙaruwa. Wane suna aka sa?"

Da bakina na faɗa masa. Ya ce, "Allah ya raya." Lawan ya shimfiɗa masa tabarma, ya zauna a bakin-bakinta kamar mai jiran a sallame shi. Daga inda yake ana hango ragon a rataye. Bana dabbobi sun yi tsada, abin da Lawan ya iya saye ke nan, ba wani rago ba ne. Na ga Ɗan'azumi ya ƙura masa ido. Sai kawai na ji ya ce, "Har yanzu gidan nan ba a koyi sayen rago ba."

Bakinsa ne ya riga shi. Dariya ta taso masa, har kafaɗarsa ta fara motsi. Ni ma na buɗe baki zan rama, kalmar tana kan harshena. Sai ya tsaya. Ya juya a hankali ya dubi bayansa.

Ba kowa a bayansa. Zana ce kawai.

Da ya juyo dariyar ta tafi. Na tashi na yanko cinya na miƙa masa. Ya karɓa da hannu biyu, yadda ake karɓar kyautar manya, ya yi godiya, ya sa takalminsa.

To, masu karatu, ga abin da ya saura. Dokin ya mutu tun tuni. Rigar yabon asu ya cinye ta a adaka. Baturen da aka yi wa aikin ya koma ƙasarsu, ban jin ya ƙara tuna sunan Yaya. Waɗanda suka ci hatsin da ya sa aka tono, da yawansu suna raye, amma ba su san ta hannun wa ya zo ba. Abin da na ga ya rage na yayana a duniya, wanda bai tsufa ba, shi ne waiwayen nan: dattijo mai furfura ya yi wasa a gidan 'yan'uwansa, sannan ya juya ya ga ko wani ya ji.

Allah ya jiƙan Yaya. Ina faɗa don ciki ɗaya muka fito, kuma don na ga yadda ya ƙare a ƙofar gida da goron da ba mai karɓa. Allah ya jiƙan Isuhu a duk inda ƙasa ta rufe shi. Yaron nan kuma da na raɗa wa sunan da bakina, ba na roƙa masa doki ko riga. Allah ya raya shi har ranar da wani daga gidan kawu zai tare shi a tsakiyar kasuwar Maigatari, ya fizge masa hula, ya ce masa bawa da ƙarfi, ya yi dariyarsa har ƙarshe bai waiwaya ba.